Zare Huɗu a Motar Baba

Ƙyastin ashana ne ya fara haɗa ni magana da surukina. Ina amarya, kwanana tara a gidan nan, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Na tsuguna bakin murhu da safe, na girgiza kwali na ji ƙwara ɗaya ce ta rage, na ƙyasta, na ɗaga hannu zan jefa kwalin a wuta. Sai na ji gyaran murya daga bayan katanga, inda motarsa take kwana.

"'Yata, in kwalin nan ya ƙare kada a ƙone shi. A ajiye mini."

Kunya ta kama ni. Na lallaɓa na tura kwalin ta wani ɗan rami da ke jikin katangar, na ga yatsu masu baƙin mai sun ɗauke. Na daɗe ina mamakin yadda ya sani alhali ba ya ganina. Daga baya na gane kunnen Baba ke nan. Girgizar kwali ta ishe shi ya san abin da ke ciki.

Allah ya karɓi ransa ranar wata Talata bayan an gama yankan gero, bayan jinyar wata biyu. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ina rubuta wannan ne saboda ƙananan jikokinsa, waɗanda nan gaba za a nuna musu hoto a ce ga kakanku, su ga tsoho da rawani kawai, ba su san ko wane ne ba.

Kwana uku gidan nan bai huta da sallama ba. Wata mata ta zo daga Sandamu da wani saurayi wanda ya fi ta tsawo, ta durƙusa gaban Inna, uwar mijina, ta ce wannan da ake gani a bayan motar marigayi aka haife shi, kan buhunan gyaɗa. Mijina ya gaya mini wani tsohon dillalin shanu daga Mashi ya ƙi zama kan tabarma sai da ya je ya dafa murfin injin motar, ya tsaya yana motsa baki. Liman kuwa cewa ya yi tun da aka ba shi limancin unguwar nan bai taɓa yawon neman motar ɗaukar makara ba, kafin a gama sutura Baba ya riga ya juyo da ita ƙofar gida.

Kusan duk wanda ya gama addu'a sai ya yi tambaya guda, cikin ladabi: me ya sa ba a kai shi a motarsa ba? Maƙabartarmu da nisa, a kafaɗa aka kai shi. Duk lokacin da aka yi tambayar sai mijina ya sunkuyar da kai. Motar ta yi mako shida ba ta tashi ba, kuma shi ya san a hannunsa ta mutu.

Tsohuwar a-kori-kura ce, ta girmi mijina. An ce fara ce da can, ni dai launin ƙasa na same ta. Da ita Baba ya ciyar da gidan nan, yana kai hatsi da awaki kasuwar Mai'adua da ta Mashi. Amma yana da doka: marar lafiya, mai naƙuda da gawa, ba ya karɓar komai a kansu, kuma ko ya yi lodi sai a sauke. Mata a gaba yake sa su, maza su hau baya, tun kafin a fara wa'azin raba maza da mata a motocin haya. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Kowa ya yi mata dariya sai ya ce, ai ba ƙofar ce ke tafiya ba.

Madafata tana jingine da katangar, don haka shekara da shekaru ina girki ina jin gyaransa. Ba ya fara kwance komai sai ya saurara. Ya kan ce abu uku mota take nema, mai da iska da wuta, in ta ƙi tashi to ɗaya aka hana ta, a nemo wanne ne kafin a ɗauki sifana. Galibi wuta ce. Sai ya zare wayar filogi ɗaya, ya kusanta bakinta da ƙarfen inji, ya sa a murɗa makulli, ya dubi tartsatsin. In shuɗi ne, lafiya. In ja-ja ne, sai ya ce ta ji sanyi. Nan zai buɗe wani baƙin kwano mai baki huɗu inda wayoyin suke fitowa, bakanikai suna ce masa distiribita, shi kuwa kwanon wuta yake kiransa. A ƙarƙashinsa akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu, su ne kontak. Da gefen kwalin ashana, wurin da ake ƙyastawa, yake goge su, sannan ya auna tazararsu da kaurin kwalin. Amfanin kwalayena ke nan. Ya tara su a wani gwangwanin madara ƙarƙashin kujera.

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa, kuma a kan kwanon nan ne. Da damina raɓa takan shiga cikinsa, sai ya ciro shi ya aiko a ajiye kusa da murhu ya sha ɗumi. Ran nan Inna ce ta karɓa ta ajiye, ba ta gaya mini ba. Na fito na ga baƙin abu duk maiƙo a tsakanin kwanukana, sai na haɗa shi da wanke-wanke. Na dirje shi da toka da sabulu, na ɗauraye, na aika masa yana ɗigar ruwa, ina jiran a yaba mini. Ranar kasuwa ce, an riga an loda awaki. Motar ba ta tashi ba sai bayan azahar, masu awaki suka sauke kayansu suka bi wata.

Kwana biyu in na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" ɗaya, ya kau da kai. Na yi kuka har Inna ta ce in ban daina ba za ta haɗa ni da kwanon ta wanke. Rana ta uku sai ga ƙullin tsire ya faɗo ta ramin katanga. Ya ce laifinsa ne, shi da ya ajiye abu a madafar mutane bai yi bayani ba. Sannan ya ƙara da cewa amma tun da ya sayi motar, kwanon bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

A cikin motar nan na yi naƙudar autata. Da la'asar ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni da Inna a gaba. Mun wuce kasuwa ke nan ta yi tari ta mutu. Baba ya fita, ya lulluɓe kansa da injin da babbar rigarsa don kada ruwa ya shiga, gwangwanin madara a hammata. Ina murƙususu na ji ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Yi ta salati, 'yata. Sanyi kawai ta ji, yanzu za mu tafi."

Ban kai salati ashirin ba ta tashi. Muna isa asibiti aka haihu. Tun ranar ya ce ya yi amarya. Yarinyar tana fara magana ta ɗauka, ba ta kiransa komai sai mijina. Ta ce ba ta son tsoho marar haƙori, ya ce shi ma ba ya son mace mai majina, su rabu a kan alawa, su shirya a kan gyaɗa. In ta ji ƙarar motar daga nesa, ko tuwo take ci sai ta ajiye ta ruga zaure.

Maganar zare kuwa, lokacin da idonsa ya fara rauni ne. Gindin kwanon wutan na asali ya cinye, ya nema har Kano bai samu ba, sai wani abokinsa ya samo masa na wata motar daban a Kongolam, can bakin iyakar Nijar. Ya shiga, amma bai zauna yadda na da yake zama ba, sai da ya juya shi. Ya gaya wa Inna cewa daga yau wayoyin motarsa ba su bin tsarin kowa sai nasa. Ni kuma ina ɗinkin hula, ba a rasa zare a ɗakina. Ya turo wayoyin huɗu ta rami, kowace ya yanke ta daidai tsawon da za ta kai filoginta, ya ce in ɗaura wa kowace launinta. Na ɗaura ja, kore, rawaya da fari. Daga nan duk ranar da ya kwance ya zo mayarwa, sai in ji shi yana faɗa wa kansa kamar mai tilawa: ja gabas, sai kore, rawaya, fari, a zaga kamar ɗawafi. Na ji wannan ya fi a ƙirga, ina daka ina ji, ina tuƙa tuwo ina ji. Ban taɓa ɗaukarsa ilimi ba. Sautin gida ne kawai, kamar kukan zakara.

Wata rana Baba yana alwalar azahar ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya riƙe. Da aka dawo da shi daga asibiti, mijina ya rasa abin da zai yi masa, sai ya ce zai sabunta motar, ranar da Baba ya miƙe ya tarar da ita kamar amarya. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Ya kira wani bakanike, mutumin kirki, amma a motocin zamani ya koyi aiki. Aka sayo sabbin wayoyi, sabon kwano, sabbin filogi, sabon kontak, aka zubar da tsofaffin, aka jera yadda ake jera na kowace mota. Aka murɗa makulli. Ta yi tari, salansa, bututun hayaƙinta, ta yi ƙara kamar bindiga, kaji suka watse. Ba ta tashi ba.

Aka ce kwayil ne, aka canza. Aka ce batir ne, aka aro. Aka tara mazan unguwa aka yi ta turi daga ƙofar gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa rijiya, har aka gaji aka bar ta ƙarƙashin dalbejiya. Duk wannan Baba yana kwance yana ji. Duk ƙarar da salansa ta yi sai ya bugi tabarma da hannunsa mai lafiya. Muka ɗauka zafin ciwo ne.

Wata rana na kai masa kunu, hular da nake ɗinki tana soke a gefen zanena da allurarta. Ya miƙo hannu ya kamo zaren, ja ne, ya riƙe gam yana dubana, bakinsa yana rawa. Na ce, "Taka ce, Baba. Kana warkewa za ka sa ta." Sai hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya saki zaren. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake ajiye abin da ke hannuna in nemi gafarar Allah. Mutumin da ya ji ƙwarar ashana ɗaya ta bayan katanga, ni ina gabansa na kasa jin abin da yake faɗa.

Bayan addu'ar bakwai, yayan mijina, wanda yake aiki a Katsina, ya tara ƙannensa ya ce ya yi magana da 'yan gwangwan, ranar Asabar za su zo su yanka motar su kwashe. Ba mugunta ba ce. Ya ce ba zai iya koma wa aiki ya bar Inna tana leƙowa tana ganinta tana ruɓewa ba. Mijina yana ganin ba shi da bakin magana. Inna tana takaba, daga ranar kuwa furar da nake dama mata a rufe nake ɗauko ta.

Ranar Alhamis da safe na je buɗe wa kaji. Na tsuguna zan kwance ƙofar akurki, sai na ga da baƙar waya aka ɗaure ta, ga ɗan jan zare a wuyanta, ya yi dauɗa amma ƙullina ne. Ashe Inna, wadda ba ta iya ganin abu a juji ta wuce, ta tsince tsofaffin wayoyin tun ranar da aka zubar. Na duba, ga mai kore a hannun guga, mai rawaya ta ɗaure tsintsiyar kwakwa, mai fari tana riƙe da murfin rumbu. Ina tsaye da su huɗun a hannu sai na ji muryarsa ta bayan katanga: ja gabas. Na zauna a ƙasa wurin na yi kukan da ban yi ba ranar Talata.

Na gaya wa mijina. Ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce ta yaya zai je gaban Yaya da bakanike ya ce matarsa ce ta ce, shi da ya riga ya ɓata abu sau ɗaya. Sai na tafi wurin Inna na zube mata wayoyin a gabanta. Ta jujjuya su, ta sa aka kira babban ɗanta, ya tsuguna a bakin ƙofa, ni ina can ƙuryar ɗaki. Ta ce gobe a mayar da motar makwancinta, a kira bakanike, a yi abin da yarinyar nan za ta faɗa.

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Inna, yanzu madafa ce ta koma gareji?"

"Kai shekara nawa kana Katsina? Ita tana bayan katangar nan. Wa ya fi jin ubanku tsakaninku?"

Ya ce a yi haƙuri, za a yi.

Da hantsin Juma'a aka turo ta. Bakanike ya ce ai ko a ƙarƙashin dalbejiya za a iya, mijina ya ce a'a, gabas ɗin Baba daga makwancinta ake lissafa shi. Tayoyinta huɗu sun yi rami a wurin saboda daɗewa, ana kawo ta ta faɗa ciki ta zauna daram. Ni kuma na tsuguna a madafa, bakina kusa da ramin katanga, ina jin kunyar muryata. Na tura wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Bakanike ya cire sabbin, ya gwada tsofaffin, ya ce ikon Allah, kowace filogi ɗaya kawai take kaiwa. Ya tambayi ina za a soka su a jikin kwano.

Na ce, "Ja a bakin da ke kallon gabas. Sai kore, rawaya, fari. A zaga kamar ɗawafi."

Bakanike ya soka su yadda na faɗa. Sannan na ji yana gaya wa Yaya cewa nan ne daidai inda shi ya sa ta ƙarshe, tsohon ya juya abin gaba ɗaya, da shekara za a yi ana canza kaya ba za ta tashi ba.

Mijina ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ba ta yi harbi ba wannan karon. Ta kama kamar za ta tashi, ta saki. Ya sake, ta sake saki. Na ce a zare waya ɗaya a dubi tartsatsin, wane launi ne? Aka ce ja-ja. Na ce ta ji sanyi, kafin in san na faɗa. Na ce a duba ƙarƙashin kujera akwai gwangwanin madara. Bakanike ya buɗe, na ji ya yi dariya, ya ce Hajiya wannan ai kwalayen ashana ne. Na gaya masa abin da za a yi da su. Dariyar ta tsaya. Na ji ɗan ƙaran gogar nan, shau shau, wanda na yi wata biyu ban ji ba. Ya ce sabon kontak ɗin da maiƙonsa ya zo, ga tsatsar zama ta hau.

Aka murɗa. Ta tashi.

Ba zan iya kwatanta ƙarar ba ga wanda bai san ta ba. Tana da ɗan ɗingishi, kamar tsoho mai sauri zuwa masallaci. Daga ɗakin Inna na ji "Allahu akbar" a hankali, sau ɗaya. Autata ta yar da kofin kokonta ta ruga zaure kamar yadda ta saba, ta daɗe, sannan ta dawo ta zauna kusa da ni. Daga baya mijina ya gaya mini cewa a lokacin Yaya cire hularsa ya yi ya rufe fuskarsa da ita.

Bayan an sauko daga Juma'a, 'ya'yan Baba maza suka hau, suka tafi maƙabarta a cikinta suka yi masa addu'a. Da suka dawo Yaya ya tara magada, maza da mata, a gaban Liman, kowa ya yafe rabonsa a cikinta. Aka bar ta sadaka ga unguwa a kan dokar mai ita: marar lafiya, mai naƙuda, gawa. Mijina ne zai riƙa ja. 'Yan gwangwan suka zo Asabar, aka ba su haƙuri da ruwan sanyi. Kafin Yaya ya koma Katsina ya tsaya a bayan katanga, daidai inda Baba ya saba tsayawa, ya ce a gaida shugabar gareji. Inna kuwa ta sa aka kawo mata sabbin wayoyin nan, ta ɗaure akurki da guga da tsintsiya da murfin rumbu. Ta ce ba su kai tsofaffin ƙwari ba. Da yamma ta shanye furarta.

Ban san matsayin Baba a wurin Ubangijinsa ba, ina dai kyautata zato. Na san bai bar littafi ba, bai bar gini ba. Ya bar mota mai ƙofar igiya, wadda makon jiya ma ta kai wata maƙwabciyarmu asibiti, aka samu namiji. Allah ya kai ladan kabarinsa. Ya Allah, yadda ya saurari bayinka, ka saurare shi, ka yafe mini abin da na kasa ji.

Shekaranjiya da safe na tsuguna bakin murhu, na girgiza kwali, ƙwara ɗaya. Na ƙyasta. Na yi tunanin gwangwanin nan cike yake, zai kai mu shekaru, kuma babu mai gyaran murya a bayan katanga. Na ɗaga hannu ke nan sai autata ta riƙe mini zane.

"Umma, ba a ƙona wannan. Kawo in ajiye wa mijina, kar motarsa ta ji sanyi."